Hirobumi Daimatsu

Hirobumi Daimatsu (12 ga Fabrairu, 1921 – 24 ga Nuwamba, 1978) kocin wasan ƙwallon raga ne kuma ɗan siyasa daga ƙasar Japan. An fi saninsa da horar da ƙungiyar mata ta masaƙar Nichibo da ke garin Kaizuka, wadda ta zama ƙashin bayan tawagar mata ta ƙasar. A hannunsa ne matan Japan suka ci Gasar Cin Kofin Duniya ta ƙwallon raga a shekarar 1962 a birnin Mosko, sannan suka ci lambar zinare a Gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, wadda ita ce karo na farko da aka saka wasan a cikin Olamfik. Ya yi suna da horo mai tsananin gaske, abin da ya jawo masa yabo da suka tun yana raye. Daga baya ya zama ɗan majalisar dattawan Japan daga 1968 zuwa 1974. Bisa al'adar Japanawa sunan dangi ne ke fara zuwa, don haka a ƙasarsa ana kiransa Daimatsu Hirobumi.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Daimatsu a garin Utazu da ke lardin Kagawa, a tsibirin Shikoku. Ya yi makarantar koyon kasuwanci a garin Sakaide da ke maƙwabtaka da garinsu, daga nan ya wuce Jami'ar Kwansei Gakuin da ke Nishinomiya, tsakanin biranen Osaka da Kobe, inda ya karanta harkar kasuwanci kuma ya buga wa jami'ar ƙwallon raga.

A wancan lokaci irin ƙwallon ragar da aka fi bugawa a Japan shi ne na mutum tara-tara. A wannan salo 'yan wasa ba sa juyawa su canja gurbi, kowa yana tsaye a inda aka ajiye shi daga farkon wasa har ƙarshe. Ya bambanta da salon mutum shida-shida da ake bugawa a Turai da Amurka, wanda shi ne ya zama na gasar ƙasa da ƙasa. A kan salon mutum tara Daimatsu ya tashi, kuma da shi ya fara aikin horarwa.

A shekarar 1941 ya kama aiki da kamfanin kaɗin zare da saƙa mai suna Dai Nippon Boseki, wanda ake taƙaita sunansa zuwa Nichibo. Bai fi 'yan watanni da fara aiki ba aka kira shi aikin soja.

Aikin soja

Daimatsu ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunar ƙasa ta Japan. Ya yi aiki a ƙasar Sin, daga baya aka tura shi Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau. A wannan ƙasa ce kuma dubban sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa masu yawa daga arewacin Najeriya, suka yi yaƙi a ɓangaren Birtaniya cikin runduna ta 81 da ta 82.

A shekarar 1944 yana cikin runduna ta 31 ta Japan, wadda ta shiga farmakin Imphal da Janar Renya Mutaguchi ya shirya da nufin kutsawa cikin Indiya. Farmakin ya fara a watan Maris, ya watse a watan Yuli. Rundunar ta 31 ta kai hari a garin Kohima, amma abinci da harsashi suka ƙare mata, ga damina ta sauka, dole ta ja da baya ta cikin duwatsu da dazuzzuka. Dubban sojoji suka mutu a hanya saboda yunwa da zazzaɓin cizon sauro da atini, har waɗanda suka tsira suka riƙa kiran hanyar da sunan hanyar fararen ƙasusuwa. Daimatsu na cikin waɗanda suka fita da rai. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, ya yi zaman fursunan yaƙi a hannun Birtaniya kafin a mayar da shi gida.

Masu rubutu a kan rayuwarsa sun yi ittifaƙi cewa wannan tafiya ta canja halinsa. Ya dawo da aƙidar cewa jikin ɗan Adam yana iya ɗaukar abin da ya wuce tunanin mai jikin, muddin zuciya ba ta karaya ba. Haka kuma a soja ya koyi cewa shugaban da ke son a bi shi sai ya fara shiga wahalar da kansa, domin ya jagoranci sojojin da suka girme shi a shekaru. Waɗannan abubuwa biyu sun bayyana a yadda ya riƙa horar da 'yan wasansa.

Kafa ƙungiyar Nichibo Kaizuka

Da ya koma Japan sai ya ci gaba da aiki a Nichibo. Masaƙun Japan na wancan zamani cike suke da 'yan mata daga ƙauyuka, waɗanda ke kwana a ɗakunan da kamfani ya tanada a harabar masana'anta. Kamfanoni sun riƙa ƙarfafa musu gwiwar buga ƙwallon raga a lokacin hutu, saboda wasa ne da ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada ko babban fili. Sannu a hankali gasa ta kankama tsakanin masaƙun, har cin kofi ya zama talla ga kamfani.

A ƙarshen shekarar 1953 Nichibo ya yanke shawarar tattara gwanayen 'yan wasansa daga masana'antunsa daban-daban zuwa wuri guda, wato masana'antar Kaizuka da ke kudu da birnin Osaka, aka kuma naɗa Daimatsu koci. Ƙungiyar ta fara aiki a 1954. A 1955 ta ci kofinta na farko na ƙasa a salon mutum tara, kuma zuwa 1958 ta riga ta mamaye manyan gasannin mata na cikin gida.

Ganin babu sauran abin nema a gida, sai Daimatsu ya karkata ga salon mutum shida domin fita waje. A lokacin Tarayyar Sobiyat ce ke riƙe da kambun mata, domin ita ta ci gasar duniya ta farko a 1952 da ta biyu a 1956. A gasar 1960 da aka yi a Brazil, tawagar Japan ta zo ta biyu, Sobiyat ta sake ɗaukar kofin. Matsayi na biyu a fitar farko abin murna ne ga jama'ar Japan, amma shi bai gamsu ba, ya koma gida da niyyar gano yadda za a kayar da Sobiyat.

Salon horarwa

Babbar matsalar da ya gani ita ce ta jiki. Tsayin ragar mata mita 2.24 ne, kuma 'yan wasan Sobiyat sun fi na Japan tsawo da ƙarfin duka. Kyaftin ɗin Japan, Masae Kasai, mai tsayin santimita 174, tana cikin dogayen ƙungiyar. Tun da ba za a iya ƙara wa 'yan wasa tsawo ba, sai ya mayar da hankali kan abubuwa biyu da horo ke iya gyarawa: hana ƙwallo taɓa ƙasa a ɓangarensu, da kuma wahalar da abokan karawa tun daga bugun fara wasa. Dokar wancan zamani ma ta taimaka wa wannan tunani, domin ana buga kowane zagaye zuwa maki 15 ne, kuma ƙungiyar da ke da bugun fara wasa ce kaɗai ke samun maki. Ƙungiyar da ta iya tsaro za ta iya hana abokiyar karawarta ci na dogon lokaci.

Dabarar da aka fi saninsa da ita ita ce tarbar ƙwallo da mirginawa. A da idan 'yar wasa ta faɗi domin ceto ƙwallo, sai ta ɗauki lokaci kafin ta tashi, gurbinta ya zama fanko. A sabuwar dabarar, tana shimfiɗa hannu ta ɗago ƙwallon, ta bi da kafaɗa ta mirgina, ta miƙe tsaye a tashi ɗaya tana shirye. An ce ya samo tunanin ne daga wata 'yar tsana ta Japan mai nauyi a gindi, wadda duk yadda aka tunkuɗe ta sai ta dawo tsaye. Kafin su ƙware, 'yan wasan sun sha ƙujewa da kumburi a kafaɗu da baya da ƙugu, har wasu suka riƙa ɗaura tsumma ko soso a jiki. Dabara ta biyu ita ce bugun fara wasa wanda ƙwallon ba ya juyawa a iska. Ƙwallon da ba ya juyawa yakan yi lilo, ya faɗo ba zato, shi ya sa Japanawa suka kwatanta shi da faɗowar ganye.

'Yan wasan ma'aikatan kamfani ne, haka shi ma kocin. Sukan yi aikin kamfani da safe zuwa bayan azahar, sannan su shiga ɗakin wasa su yi atisaye har tsakar dare, wani lokaci har ya wuce haka, kusan kowace rana a shekara. Daimatsu da kansa yake tsayawa yana jefa musu ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, kusa da nesa, har sai 'yar wasa ta kasa tashi, wani lokacin ma ya ci gaba. Ƙaramin rauni ko lokacin al'ada ba sa zama uzuri a wurinsa, bisa hujjar cewa ranar gasa ba ta jiran kowa.

Laƙabi biyu

Saboda wannan tsanani aka yi masa laƙabi da Oni no Daimatsu. A tatsuniyoyin Japan, oni wata halitta ce mai ƙaho da kulkin ƙarfe, kusan matsayin Dodo a tatsuniyar Hausa. Japanawa kuma kan yi amfani da kalmar ga mutumin da ba ya sassauci a kan aikinsa, don haka laƙabin ya haɗa tsoro da girmamawa.

Ita ma ƙungiyar ta samu nata laƙabin. A 1961 Nichibo Kaizuka ta yi rangadi a Turai, ta buga wasanni fiye da 20 ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba. Jaridun can suka riƙa kwatanta 'yan wasan da masu sihiri daga gabas, jaridun Japan kuma suka mayar da shi Toyo no Majo, wanda fassararsa ta kai tsaye ita ce Mayun Gabas. Kalmar a nan ba ta ɗauke da mugun nufin da maita ke da shi a Hausa. Abin da ake nufi shi ne suna yin abin da ido bai saba gani ba, kamar ceto ƙwallon da kowa ya ɗauka ya riga ya faɗi.

Gasar duniya ta 1962

An yi gasar duniya ta 1962 a Tarayyar Sobiyat a watan Oktoba. Japan ta doke mai masaukin baƙi da zagaye 3 da 1 a Mosko, ta ɗauki kofin, Sobiyat ta zo ta biyu, Poland ta uku. Wannan ne karo na farko da wata ƙasa ban da Sobiyat ta ci gasar ta mata.

Da suka dawo gida, Daimatsu ya bayyana niyyarsa ta ajiye aiki, haka ma yawancin manyan 'yan wasan. Sun cika burinsu, jikinsu ya gaji, kuma bisa al'adar Japan ta lokacin shekarun aurensu na wucewa. Kasai, wadda aka haifa a 1933, tana gab da cika shekara 30. Sai dai an riga an amince a saka ƙwallon ragar mata a Olamfik ɗin Tokyo, kuma hukumar wasan da jama'ar gari sun ɗora fatan zinare a kansu. Dubban wasiƙu suka riƙa zuwa ana roƙonsu su tsaya, wasu ma har da zargi. A farkon 1963 'yan wasan, bisa jagorancin Kasai, suka amince su ƙara shekara biyu, shi ma kocin ya janye maganar tafiya. Daga nan atisayen ya ƙara tsawo.

Olamfik ta Tokyo, 1964

Ƙasashe shida suka shiga gasar mata: Japan, Tarayyar Sobiyat, Poland, Romaniya, Amurka da Koriya ta Kudu, wadda ta maye gurbin Koriya ta Arewa bayan ta janye. Kowace ƙasa ta kara da kowace. Daga cikin 'yan wasan Japan 12, goma daga Nichibo Kaizuka suke. Shidan da suka fi fara wasa su ne Masae Kasai, Emiko Miyamoto, Kinuko Tanida, Yuriko Handa, Yoshiko Matsumura da Sata Isobe.

Japan ta ci Amurka da Romaniya da Koriya ta Kudu 3 da 0 kowacce, ta ci Poland 3 da 1. Zagayen da Poland ta ci shi kaɗai aka ci Japan a duk gasar. Ita ma Sobiyat ta ci dukkan wasanninta huɗu, don haka karawarsu ta ranar 23 ga Oktoba a ɗakin wasa na Komazawa ita ce ta raba gardama. A ranar ne kuma, 'yan sa'o'i kafin wasan, Anton Geesink na Holan ya kayar da Akio Kaminaga a wasan judo na ajin da ba a ƙayyade nauyi ba, abin da ya yi wa Japanawa zafi ƙwarai domin judo wasansu ne na gado. Wannan ya ƙara nauyin da ke kan matan.

Japan ta ci zagaye na farko 15 da 11, na biyu 15 da 8. A na uku ta yi nisa, saura maki ɗaya ta gama, sai Sobiyat ta farfaɗo ta matso har 14 da 13. Wasan ya ƙare ne da laifin 'yar wasan Sobiyat da hannunta ya ƙetara raga, aka tashi 15 da 13. Gimbiya Michiko, matar yarima mai jiran gado, tana cikin 'yan kallo. Ƙididdigar masu kallon talabijin ta kai kashi 66.8 cikin ɗari, kuma har yanzu tana cikin mafi girma da aka taɓa samu a wani shirin wasanni a Japan. A wannan Olamfik ɗin ne Najeriya ta samu lambarta ta farko a tarihi, tagullar da Nojim Maiyegun ya ci a dambe.

Nasarar ta zo shekara 19 bayan an ci Japan da yaƙi, a lokacin da ƙasar ke ƙoƙarin nuna wa duniya ta farfaɗo. Shi ya sa jama'a suka ɗauki labarin 'yan matan masaƙa da suka kayar da babbar ƙasa a matsayin labarin ƙasar baki ɗaya.

Bayan Olamfik

Bayan gasar Daimatsu ya bar Nichibo, yawancin manyan 'yan wasan su ma suka yi ritaya. Ya bar ƙungiyar tana da nasara 175 a jere. Koji Kojima ya gaje shi, aka ci gaba har nasara 258, kafin ƙungiyar Yashica ta katse ta a 1966. Ya kuma sa hannu wajen neman wa 'yan wasansa mazan aure, kamar yadda ya ɗauka nauyi ne a kansa tun da shi ya tsayar da su. Kasai ta yi aure a 1965 da wani jami'in soja, Firayim Minista Eisaku Sato ne ya tsaya a kan auren.

A 1965 Firimiyan ƙasar Sin Zhou Enlai ya gayyace shi ya horar da 'yan wasa da kociyoyin ƙasar, duk da cewa a lokacin babu hulɗar jakadanci tsakanin Beijing da Tokyo. Hukumomin wasannin Sin sun ɗauki darasi daga salonsa, suka gina tsarin horo mai nauyi da tsanani da kwaikwayon yanayin gasa. Ana ambaton wannan ziyara cikin tushen ƙarfin da matan Sin suka yi daga baya, waɗanda suka ci kofin duniya a 1981 ƙarƙashin Yuan Weimin.

Siyasa da ƙarshen rayuwa

A 1968 ya tsaya takarar majalisar dattawa a jam'iyyar LDP mai mulki, a mazaɓar ƙasa baki ɗaya, kuma ya ci. Ya yi wa'adi ɗaya na shekara shida, ya faɗi a zaɓen 1974. Daga nan ya koma fagen ƙwallon raga. Ya taimaka wajen kafa ƙungiyar mata ta kamfanin Ito-Yokado a matsayin mai ba da shawara, ya kuma riƙa zagaya garuruwa yana koyar da ƙungiyoyin matan aure, waɗanda suka yaɗu a Japan bayan nasarar 1964.

Yana cikin irin wannan tafiya a garin Ibara da ke lardin Okayama ciwon zuciya ya kama shi. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba, 1978, yana da shekara 57.

Suka da yabo

Tun kafin Olamfik aka fara muhawara a kan salonsa. Mujallar Sports Illustrated ta Amurka ta buga rahoto a 1964 da ya nuna atisayen Kaizuka a matsayin abin da ya wuce gona da iri, kuma a cikin Japan ma akwai masu ganin ana zaluntar ma'aikata mata domin sunan kamfani da na ƙasa. Masu suka na baya sun ƙara da cewa nasararsa ta halatta wata al'ada a makarantu da kulob-kulob na Japan, inda koci ke ganin juriya ita ce maganin komai, a yi watsi da hutu da lafiyar ɗan wasa. Da yawa sun kwaikwayi tsananin ba tare da nazarin da ke bayansa ba.

A ɗaya ɓangaren, 'yan wasansa da suka yi tsawon rai sun riƙa kare shi a hirarrakinsu. Sun nuna cewa da son ransu suka zauna, cewa yakan kasance tare da su har a tashi sannan ya fito aiki da safe kamar kowa, kuma a wajen fili yana kula da su kamar uba. Masana wasan kuma na nuni da cewa tarbar ƙwallo da mirginawa da bugun da ba ya juyawa sun bazu a duniya, har sun zama darasin farko-farko da ake koya wa masu tasowa.

Ayyuka da tunawa

Daimatsu ya rubuta littattafai, waɗanda suka fi shahara su ne Ore ni Tsuite Koi na 1963 da Naseba Naru na 1964, kuma dukkansu sun samu kasuwa sosai. An mayar da na farkon fim a 1965, wanda Hiromichi Horikawa ya ba da umarni. Wani gajeren fim na gaskiya da Nobuko Shibuya ta ɗauka a kan atisayen ƙungiyar ya ci babbar kyautar gajerun finafinai a bikin Cannes na 1964. Farin jinin ƙungiyar ya haifar da labaran zane na 'yan mata masu buga ƙwallon raga, irin su Attack No. 1 na Chikako Urano da ya fara fitowa a 1968. A 2021 Bafaranshe Julien Faraut ya fitar da fim a kan 'yan wasan da suka rage a raye.

Kamfanin Nichibo ya haɗe da Nippon Rayon a 1969 ya zama Unitika, kuma a shekarar 2000 ƙungiyar ƙwallon ragar ta koma hannun kamfanin Toray, inda ta ci gaba da wasa da sunan Toray Arrows. A wannan shekara ta 2000 aka saka sunan Daimatsu a zauren girmama gwarazan ƙwallon raga da ke Holyoke a jihar Massachusetts ta Amurka, garin da William G. Morgan ya ƙirƙiro wasan a 1895. An saka sunan Masae Kasai a zauren a 2008.